Takardar Baba ta ce «né vers 1950»

 Yau ba ni gaban mikro, babu mai ɗaga mani hannu ta bayan gilashi yana cewa lokaci ya cika, shi ya sa na kawo maganar nan. Ta yi tsawo kaɗan, ku yi haƙuri da ni.

Ranar 1 ga watan Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don tsofaffi, mun gayyato wani likita cikin shirinmu na lafiya. Hira na ta tafiya lafiya lau, tansiyo, ciwon sukari, yanar ido, ciwon gwiwa, sai wani dattijo ya bugo daga wajajen Tibiri. Muryarsa na rawa amma maganar a tsaye take. Ya ce: «Ɗana, ku da kuke ta zancenmu tun ɗazu, ku faɗa mani, cikin irinmu da muka wuce saba'in, mutum nawa ke da wannan tansiyo ɗin? Kuma mi ya fi kashe mu?»

Na juya na dubi likita. Mutumin kirki ne, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce: «Baba, alƙaluman da ke hannuna sun tsaya kafin su iso kanku.» Dattijon ya yi ƴar dariya, ya ce to Allah shi kyauta, ya kashe waya. Na sa kiɗa don in samu in haɗiye miyau.

Abin da ya sa amsar ta tsaya mani a rai shi ne mahaifina. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da asuba ya tashi zai ɗauki buta, hannu ya ƙi. Kafin ranar nan ba wanda ya taɓa auna masa jini, ko sau ɗaya, duk da CSI ba ta da nisa da gidanmu. Yana noma, yana zuwa kasuwa, yana cewa ciwon kai ne na rana. Mu ma ɗiyansa da muka yi lakwal ba mu taɓa kawo abin a ranmu ba. A asibiti da aka zo cika takarda aka tambayi shekarunsa, na zaro katinsa, an rubuta «né vers 1950», wato an haife shi wajajen 1950. Shi kuwa cewa yake ya girmi haka. Lissafinsa shi ne yana kiwon awaki shekarar da aka samu mulkin kai, ya yi auren fari shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Ƙanensa ya rantse Baba ya haura tamanin. Ma'aikaciyar ta rubuta 70 ta wuce, don layi na jiran ta.

Bayan shirin nan na kira wani abokina da muka yi lise tare. Shi kansa na ja a lissafi, ya ci konkur ya tafi makarantar ƙididdiga ta ENSEA a Abijan, ni kuwa baki ya kai ni radiyo. Na ce masa, kai da aikinka ƙirga mutane, yaya aka yi likita ya rasa amsar da zai ba tsoho? Hirar da na ɗauka ta minti goma ce ta kai mu dare biyu, kuma yawancin abin da zan faɗa nan daga can na fara fahimtar shi, sauran na bi na karanta.

Ƙidayar jama'a, wadda aka yi a Nijar a 1977, 1988, 2001 da 2012, tana ƙirga kowa, jariri da tsoho. A 2012 an same mu sama da miliyan 17, kusan rabi ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 kuwa ba su cika huɗu cikin ɗari ba. Amma mai ƙidaya ba ya auna jini, ba ya duba ido. Wannan aikin binciken lafiya ne. To babban binciken lafiya da aka fi dogara da shi, EDSN, a na 2012 matan da aka zauna aka yi wa tambayoyi su ne ƴan shekara 15 zuwa 49, maza 15 zuwa 59. Ana rubuta sunan kaka cikin jerin mutanen gida, daga nan an gama da ita. Akwai kuma binciken STEPS na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wanda shi ne ke auna tansiyo da sukari da nauyi. Wanda aka yi a Nijar a 2007 ya tsaya a shekara 64, kuma tsarin da OMS ke bi yanzu yana tsayawa a 69. Ka ga inda likitanmu ya samo amsarsa. Dattijon Tibiri ya wuce layin, Baba ma ya wuce.

Ban ce mugunta ce ta sa aka ja layin nan ba. An tsara binciken ne don haihuwa da mutuwar yara da ta mata wurin haihuwa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ɗakin yara a asibiti cikin watan Agusta, lokacin masassarar cizon sauro, ya san dalili. A binciken 2012 mace ɗaya a Nijar na haihuwar ɗiya 7,6 a matsakaici. Ƙasa irin wannan dole idonta ya fi karkata ga goyo. Sai dai abin da ba a auna ba, ba ya shiga kasafin kuɗi, kuma ba ya shiga bakin ɗan jarida irina.

Na ce wa abokina to ai da sauƙi, a ɗaga layin zuwa ɗari mana. Ya yi dariya har da tari. Ya ce auna tsoho sana'a ce daban, akwai ƙasashen da ke ɗaukar mai digirin lissafi su sake horar da shi shekaru a kan wannan kaɗai. A Amurka, inda kusan mutum ɗaya cikin shida ya kai 65, akwai cibiyar gwamnati ta binciken tsufa, NIA, da aka kafa a 1974. Tana ba jami'o'i kuɗi su horar da masu karatun dokta da waɗanda suka gama. A jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore akwai irin wannan shiri, inda masu ƙididdigar lafiya da masu nazarin yaɗuwar cututtuka ke koyon aiki kafaɗa da kafaɗa da likitocin tsofaffi. Mai lissafi ya koyi yadda jikin tsoho yake, likita ya koyi abin da alƙaluma za su iya faɗa da abin da ba za su iya ba. Kuma suna da abin aiki a hannu: tun 1992 jami'ar Michigan ke bin mutane kusan 20.000 da suka haura shekara 50, ana komawa wurinsu duk bayan shekara biyu, ana tambayar lafiya, aiki, dukiya da iyali.

Me ya sa sai an yi wannan horo na musamman? Matsala ta fari tana cikin aljihuna, katin Baba. A wurinmu tsoho bai san ranar haihuwarsa ba, in aka matsa masa sai ya ce sittin, ko saba'in, ko saba'in da biyar. In ka zana shekarun da mutane suka faɗa, za ka ga tudu a kan duk lambar da ta ƙare da 0 ko 5, da kwari a tsakani. Masu ƙididdiga har ma'auni gare su na wannan, ma'aunin Whipple: 100 na nufin babu tarin, 500 na nufin kowa da kowa ya faɗi lamba mai 0 ko 5. Ga kuma halinmu na ƙara wa tsoho shekaru don girmamawa. Duk unguwa akwai tsohuwar da ake cewa ta kai ɗari da goma. In ka ɗauki ƴar 78 ka rubuta ta 95, sai lissafinka ya nuna maka ƴan 95 na nan garau suna daka, ka yi ta murna a banza. Maganin da aka sani shi ne kalandar abubuwan da suka faru: ina kake lokacin zaɓen raba gardama na 1958, kin yi aure kafin yunwar 1973 ko bayanta, ɗanki na fari yana goye ne ko yana tafiya a shekarar El Buhari, 1984? Wannan kalanda ba a sayo ta daga waje. Ta Tawa daban, ta Damagaram daban, wani lokaci ta ƙauye biyu maƙwabta ma ba ɗaya ba. Sai wanda ya san sunayen yunwa da sarakuna da shekarar da aka gina rijiya.

Matsala ta biyu ita ta fi ɗaure mani kai, kuma ita ta sa na ji kunyar wasu maganganun da na sha yi a iska. Sau nawa muka ce mutanen da sun fi mu ƙarfi, dubi wane, yana shan taba tun yana saurayi ga shi ya kai tamanin? Abokina ya ce: ina sauran da suka fara shan tabar tare da shi? Suna maƙabarta, ba za su bugo waya cikin shirinka ba. Tsofaffin da muke gani su ne waɗanda suka tsallake ƙyanda, sanƙarau, yunwa biyu ko uku, da haihuwa goma. Ragowar rariya ne. Ya ba ni misali: a ce ka auna ƙarfin tsofaffi 100 a wani gari bana, ka dawo bayan shekara uku, 20 mafi rauni sun rasu. Ka auna 80 ɗin da suka rage, sai ka ga matsakaicin ƙarfi ya ƙaru. Wanda bai ƙware ba zai rubuta rahoto cewa tsofaffin garin na samun sauƙi, alhali mutuwa ce ta gyara masa lissafi. Haka nan wanda ya fi jin jiki shi ne ba zai iya fitowa wurin awo ba, ko iyalinsa su ce yana barci. A binciken yara ma ana samun irin wannan, amma a na tsofaffi shi ne tsakiyar aikin. Akwai dabarun lissafi da aka ƙirƙiro don shi, kuma su ake zama a koya.

Sai batun me ma za a auna. Yaro yakan zo da ciwo ɗaya, a ba shi magani ya tashi. Baba yanzu yana da tansiyo, ga ɓarin jiki, ga ido ɗaya da yana ta rufe, ga fitsarin dare. In ka tambaye shi wanne ya fi damun shi, ba ya kiran sunan ko ɗaya. Cewa yake: «Ɗan nan, sallah a zaune.» Abin da ke ci masa rai ke nan, da kuma sai an kama shi kafin ya tashi daga tabarma. Masu binciken tsufa sun daɗe da gane cewa abin da mutum ke iya yi da jikinsa ya fi jerin sunayen cututtuka faɗin gaskiya. A 2001 wata likita a Johns Hopkins, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamomi biyar na raunin tsufa: ramewa ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsa jiki. Mai uku daga ciki ana ɗaukar shi mai rauni, kuma sun nuna irinsu sun fi faɗuwa, sun fi kwanciya asibiti, sun fi saurin mutuwa. Kayan awon ba su da tsada: ƴar na'urar da ake matsewa da hannu, agogo, sikeli, da fili na mita huɗu da rabi.

Amma ɗauko ma'aunin nan ka kawo shi ƙauyen Dakoro yadda yake, ka ga abin da zai faru. A can Amurka in tsoho ya zubar da kilo huɗu da rabi cikin shekara alama ce ta ciwo. A nan, wanda aka auna bayan girbi aka sake aunawa cikin Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga aikin noma, ai gari guda za ka rubuta masu rauni. Tambayoyin motsa jiki nasu na wasanni ne da aikin lambun gida. Tsohuwar da ke jan guga da tafiya itace wace amsa za ta ba da? Dole wani ya zauna ya sake gina ma'aunin, ya gwada shi, ya tabbatar yana auna abin da ake so. Wannan wanin kuwa sai ya iya lissafi, ya kuma san watan da hatsi ke ƙarewa.

Inda abin ya fi zafi shi ne gigin tsufa. Gwajin ƙwaƙwalwa da likitoci suka fi sani, MMSE, na 1975, yana cewa mutum ya faɗi kwanan wata da shekara, ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwafi zane da alƙalami. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma tana riƙe da bashin mata talatin na adashi a ka, ba ta taɓa kuskuren dala ɗaya ba. Da an yi mata wannan gwaji da ta faɗi warwas. A ɗaya gefen kuma, tsohuwar da ke da ciwon na gaskiya, tana fita da dare, tana kiran sunayen matattu, tana cewa an sace mata kaya, mun san sunan da wasu ke laƙaba mata a unguwa. Na taɓa karanta saƙon wata mai saurare da ta ce yara na jifar kakarta suna ce mata mayya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da suna, ana nazarinsa a duniya. A Ibadan ta Najeriya an fara wani bincike a 1992 wanda ya kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka, da gwajin da aka tsara don ya yi aiki ko mutum bai yi boko ba, har da tambayar wani na kusa da shi yadda yake a gida. Sun samu cutar Alzheimer ta fi ƙaranci a Ibadan. Ba don an gyara gwajin ba, da rashin boko zai iya gurɓata sakamakon.

Na kawo Ibadan ne don kar a ce abin na Turawa ne. Gana na cikin ƙasashe shida da OMS ta yi binciken SAGE a kan ƴan shekara 50 zuwa sama, tare da Sin, Indiya, Meziko, Rasha da Afirka ta Kudu. A karkarar Agincourt ta Afirka ta Kudu, tun 2014 ake bin mutane kusan 5.000 ƴan shekara 40 zuwa sama. A duk wuraren nan aikin ya bar baya da ƴan ƙasa da suka koyi sana'ar.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, don ni ma na faɗa wa abokina. Ƙasar da yara ke mutuwa da tamowa, ina ta ga kuɗin auna damƙar hannun tsoho? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. In aka ce in zaɓa tsakanin allurar rigakafi da binciken tsufa, rigakafi zan ɗauka, Baba ma haka zai ce. Sai dai ciwon tsoho ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba. Da Baba ya kwanta, ƙanwata ta bar lakwal wata huɗu tana jinya, mun sayar da tumaki biyu da buhunan gero da aka ajiye don damina, ƙanena ya dawo daga Agadas ya bar aikinsa. Ƴan ƙalilan ne cikin tsofaffinmu ke da fansho, sauran ɗiyansu ne fanshonsu. Kuma ku mutanen Tawa da Kance kun fi ni sanin gidaje nawa ne kaka ke riƙe da jikoki saboda iyaye sun tafi Libiya, Aljeriya ko Abijan. Ranar da ta faɗi, yaran nan da muke cewa su ne gaba, su ke kwana da yunwa. Ƙwayar tansiyo da awo sau biyu a shekara sun fi duk abin da muka kashe araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma darasin Senegal. A 2006 suka fito da Plan Sésame, magani kyauta ga duk wanda ya kai shekara 60. Niyya mai kyau, amma shirin ya yi ta fama da ƙarancin kuɗi da bashin da asibitoci ke bi. Mu ma a shekarar aka fara kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma ma'aikatan lafiya sun san yadda jiran biyan kuɗin ya kasance. Duk ranar da wani shugaba ya tashi yi wa tsofaffinmu irin wannan alheri, tambayar farko ita ce ta dattijon Tibiri: su nawa ne, mi ke damun su, nawa zai ci? In babu mai amsa, da ka za a yi kasafin.

Ni abin da nake gani, ba sai an jira wata babbar cibiya mai bene ba. Muna da INS a Yamai. Muna da ƴan ƙasa da suka fito daga ENSEA ta Abijan, ISSEA da IFORD na Yawunde, da ENSAE ta Dakar. Muna da sashen koyon likita a jami'ar Abdou Moumouni da ta Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su ɗaki ɗaya: ɗalibin lissafi ya yi wata shida yana bin likita zagayen marasa lafiya, ɗalibin likita ya zauna ya koyi abin da ke bayan alƙaluman da yake kwafa cikin kundinsa na ƙarshe, a ba su gari biyu ko uku su bi tsofaffinsu shekara da shekaru. A ɗaga layin shekaru a bincike na gaba. A fassara tambayoyin zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci a zaune, da natsuwa, kar a bar wa mai tambaya ya fassara da ka a bakin zaure. Abokina ya ce duk cikin ƴan ajinsu ba wanda ya zaɓi tsufa, kowa ya bi inda kuɗin bincike yake, haihuwa, talauci, abinci. Ban ga laifinsu ba. Amma ku ƴan lise masu ƙarfi a lissafi da ke karanta wannan, da iyayensu, ku san fagen nan yana nan, kuma babu cunkoso a cikinsa. Wanda aka haifa a 1970 zai cika sittin a 2030, kuma ƴan bayansa sun fi shi yawa ninki ba ninki.

Jiya da dare na gwada abin a gida. Na miƙa wa Baba yatsuna biyu na ce ya matse da hannun dama iya ƙarfinsa. Ya dube ni ya ce: «Wannan kuma wane sabon iyayi ne na ƴan radiyo?» Ya matse, sai da na yi ƙara, ya yi ta dariya har Inna ta leƙo. Daga nan muka zauna lissafin shekarunsa da kalandar, ni da shi da ƙanen nasa. Ya tuna ya riga ya fara azumi cikakke kafin shekarar mulkin kai, ya tuna wanda aka yi masu kaciya tare, mutumin da takardarsa ta lakwal ke nan har yau wurin ɗiyansa. Mun tsaya a tsakanin 1945 da 1947. Ƙanen bai yarda ba, yana nan kan tamanin da biyar ɗinsa.

Shirinmu na lafiya na mako mai zuwa a kan wannan zai kasance, kuma likitan ya yarda zai dawo da na'urar awon jini, duk tsohon da ya zo bakin gidan radiyo za a auna shi kyauta. Kafin nan ina roƙon ku abu ɗaya: ku tambayi tsohon gidanku da wane abu yake gane shekarunsa, wace yunwa, wane sarki, wace rijiya, ku rubuto mana tare da sunan garinku. Baba na Tibiri, in wani jikanka ya karanta maka wannan, ka sake bugowa, layin farko naka ne.